Ƙaramin Kofin Da Ya Buɗe Ƙofar Omaha

Akwai wata al'ada da jaridu suka saba da ita game da labarin wasanni, watau ba a cika waiwayar ƙungiya ba sai ranar da ta ɗauki babban kofi. A ranar ne za a ga hotonta a shafin baya, a buga sunan kyaftin da manyan baƙaƙe, a yi ta zuba kirari. Amma watannin da 'yan wasa suka yi suna fama a filayen da ba 'yan kallo, ana ka da su yau su tashi gobe, waɗannan ba su da mai ba da labarinsu. To, yau ina so in kauce wa wannan al'ada, in ba mai karatu labarin kakar wasa guda ta waɗansu ɗalibai a ƙasar Amurka tun daga farkonta, domin abin da ya fi ba ni sha'awa a cikinta ya faru ne makonni kafin duniya ta san da zamansu.

Wasan da nake nufi shi ne besbol, wanda Amurkawa suka daɗe suna ɗauka tamkar wasan gargajiyarsu. Ni dai na fara sanin kansa ne a shekarar 2022, sa'ad da aka miƙo mini wani ɗan labari daga kamfanin dillancin labarai aka ce in mayar da shi Hausa. Labarin wani ƙaton saurayi ne mai suna Aaron Judge, na ƙungiyar Yankees ta birnin Niyu Yok, wanda ya kafa tarihi a wannan shekara. Da yake ba na son fassara abin da ban fahimta ba, sai na shiga bincike, har na iske cewa a Jami'ar Jiha ta Fresno ya yi wasa daga 2011 zuwa 2013. Daga nan ne na ci karo da labarin magabatansa na 2008 a wannan makaranta. Labarin Judge layi goma ya ci a jarida. Na magabatan nasa kuwa ya cinye mini dare da dama, ina kallon tsofaffin wasanninsu a intanet bayan an rufe shafi kowa ya watse.

Kafin mu yi nisa ya kamata in ɗan bayyana yadda ake wasan, gama ba kowa ya taɓa ganinsa ba, ko da yake an yi shi a Abuja a gasar wasannin ƙasashen Afirka ta 2003. Kowane ɓangare yana da mutum tara. Ɓangare ɗaya ya bazu cikin fili yana tsaro, mai jifansu yana tsaye a tsakiya bisa wani ɗan tudu. Ɗaya ɓangaren kuwa sai su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da kulkinsa. Mai jifa ya wurgo ƙwallo mai tauri, girmanta kamar lemo, daga nisan ƙafa 60 da ɗoriya. In mai kulki ya same ta, sai ya sheƙa a guje zuwa zango na farko. Zango uku ne a filin, tsakanin kowanne da na gaba ƙafa 90, na huɗu shi ne gida, watau inda ya taso. Duk wanda ya kewaya ya komo gida lafiya ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In an cafe ƙwallon a sama, ko an riga shi kai ta zango, ko ya kuskure ta sau uku, to ya fita. In mutum uku suka fita sai a yi musanya, masu tsaro su ɗauki kulki. Haka za a yi ta yi har turmi tara. Bugun da ya fi kowanne daraja shi ne wanda ƙwallo za ta tsallake katangar fili, domin mai shi da duk abokansa da ke kan zango za su komo gida ba mai tare su. Irin wannan bugu ne Judge ya yi sau 62 a kaka guda. Sa'an nan akwai wani abu da nake so mai karatu ya riƙe: wannan wasa ba shi da agogo. Ba a busa usur a ce lokaci ya ƙare. Kome yawan makin da aka ba ka rata, wasa bai tashi ba sai an fitar da mutuminka na ƙarshe.

Jami'o'in Amurka da ke yin wasan a babban mataki sun kusa 300, an kuwa karkasa su rukuni rukuni, kowane rukuni da gasarsa da kofinsa. A ƙarshen kaka, hukumar wasannin jami'o'i da ake kira NCAA takan tara ƙungiya 64 domin fitar da zakaran ƙasa. Kusan rabin waɗannan kujeru an keɓe su ne ga zakarun rukunoni. Duk wanda ya ci kofin rukuninsa ya shiga ke nan, ko da ba wanda ya taɓa jin sunan makarantarsa, ba kuma mai ikon hana shi. Sauran kujerun kwamiti ne ke rabawa bisa ga ƙarfin da ƙungiya ta nuna, kuma galibi manyan rukunoni ke kwashe su. Daga nan sai a rarraba su a garuruwa 16, ƙungiya huɗu huɗu, wanda aka ka da sau biyu ya kama hanyar gida. Goma sha shidan da suka rage a haɗa su biyu biyu, wanda ya fara cin wasa biyu ya wuce. Takwas ɗin ƙarshe su ne ke tafiya Omaha a jihar Nebraska, garin da ake yin wasan ƙarshe tun 1950.

Fresno gari ne na manoma a tsakiyar kwarin San Joaquin cikin jihar Kalifoniya, ƙasar inabi da auduga da itatuwan marmari. An kafa jami'ar a 1911 a matsayin makarantar horon malamai. Laƙabin ƙungiyarta Bulldogs, sunan wani irin kare mai faɗin muƙamuƙi wanda in ya kama abu ba ya saki. A wurinmu a kira mutum kare zagi ne, a wurinsu kuwa kirari ne. A 2008 tana cikin rukunin jami'o'in yamma da ake kira WAC, rukunin da ba shi cikin manya, mai ƙungiya bakwai a fagen besbol, waɗanda suka warwatsu tun daga Honolulu a jihar Hawayi har zuwa Ruston a jihar Luwiziyana, tafiyar dubban mil. Kada kuma a zaci 'yan gata ne. Dokar hukumar a wancan zamani ta ƙayyade tallafin karatu na kowace ƙungiyar besbol ga abin da bai wuce kuɗin makarantar mutum 11.7 ba, sai a yayyanka shi a raba wa mutum wajen talatin. Watau yawancin yaran nan iyayensu ne ke cika sauran.

Mai horar da su, Mike Batesole, ya karɓi ƙungiyar tun kakar 2003, kuma sun ci kofin rukuninsu a 2006 da 2007. Saboda haka kafin a fara kakar 2008 masana sun sa su cikin waɗanda za a zuba wa ido. A shekarar ne kuma aka kafa sabuwar doka cewa dukan jami'o'i su fara wasa rana ɗaya, ran 22 ga watan Fabrairu, abin da ya matse kakar har ya zama ana yin wasa huɗu ko biyar a mako guda, ga karatu ga tafiye-tafiye. Yaran Fresno suka fara da tuntuɓe. Cikin wasa 20 na farko an ka da su sau 12. Masanan da suka yabe su suka kau da kai, aka cire sunansu daga jerin manya.

Daga nan suka shiga wasannin rukuni, suna zuwa gidan wannan, wancan ya zo gidansu. Sannu a hankali suka farfaɗo, har suka gama a kan gaba da ci 21, faɗuwa 11. Amma in aka haɗa dukan wasannin kaka, ci 33 suke da shi, faɗuwa 27. Wannan lissafi ba ya burge kowane kwamiti. Ana cikin haka kuma, a watan Mayu, sai gwanin masu jifansu, Tanner Scheppers, wanda manyan ƙungiyoyin ƙwararru ke zawarci, ya sami ciwo a kafaɗa, ya zama ba shi ba sauran wasa a wannan kaka. A besbol mai jifa shi ne ginshiƙi. Ƙungiyar da ta rasa babban mai jifanta ana dab da gasa, kamar manomi ne da sansa na noma ya karye ran da aka yi ruwan shuka.

A wannan hali suka tafi Ruston a ƙarshen watan Mayu domin gasar kofin rukuni. Abin da ke gabansu a fili yake. Zuwa na ɗaya da suka yi a jerin rukuni bai ba su kujera ba, domin a rukunin nasu wanda ya ci kofin 'yan kwanakin nan shi ke da ita. In sun faɗi, kaka ta ƙare, manyan cikinsu da ke shekarar ƙarshe su tuɓe riga ke nan har abada. Ƙaramin gari ne, filin wata makaranta ce, nesa da gida, ba taron magoya baya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Suka yi wasa huɗu, suka cinye duka huɗun, suka ɗauki kofin karo na uku a jere.

Ni a wurina nan ne ƙashin bayan labarin. Duk abin da ya biyo baya, wanda aka yi ta bugawa a jaridun Amurka, a kan waɗannan wasanni huɗu ya rataya. Da ba don dokar nan da ta ce zakaran kowane rukuni yana da haƙƙin shiga ba, da wuya wani ya gayyace su.

Ko da suka shiga ɗin ma, a ƙarshen layi aka ajiye su, na huɗu cikin huɗu a garin Long Beach. Suka ka da masu masaukin, suka ka da San Diego, sa'an nan San Diego ta juyo ta lallasa su 15 da 1. Kashegari suka sake fitowa kamar ba abin da ya faru, suka ci 5 da 1, suka wuce. Aka tura su gidan Jami'ar Jiha ta Arizona, wadda kwamiti ya sa ta uku a duk ƙasar. Wasan farko aka ci su 12 da 4. Suka ci biyun da suka biyo baya. A Omaha, a tsohon filin Rosenblatt, suka yi wa Jami'ar Rice ruwan maki 17 da 5, suka kara da Karolina ta Arewa sau uku suka ci biyu. Sai ga su a wasan ƙarshe da Jami'ar Jojiya, wadda ta taɓa cin kofin a 1990, wadda kuma ita ma laƙabinta Bulldogs.

A karon farko suna kan gaba 6 da 3 a turmi na takwas, Jojiya ta ƙwace wasan 7 da 6. A karo na biyu, kafin su farga an ba su rata 5 da babu. In da wasa ne mai agogo, da mai rinjaye ya koma tsaro yana ɓata lokaci. Amma a nan tilas sai ka jefo wa abokin gaba ƙwallo ya buga. Suka tashi 19 da 10. Ran 25 ga watan Yuni aka yi na raba gardama. Justin Wilson, mai jifa da hannun hagu, ya riƙe turmi takwas bai bari an ci shi ba sai maki ɗaya. Wani yaro mai suna Steve Detwiler, wanda ya daɗe yana wasa da yagaggiyar jijiya a babban yatsansa, ya tsallakar da ƙwallo katanga sau biyu, kuma dukan maki shidan da suka ci daga kulkinsa suka fito. Aka tashi 6 da 1. Tommy Mendonca, mai tsaron zango na uku, shi aka zaɓa gwarzon gasar. Raina kama ka ga gayya.

Suka rufe kaka da ci 47, faɗuwa 31. Kafin su ba a taɓa samun zakaran ƙasa da aka ka da shi sau da yawa haka ba, ba a kuma taɓa samun wanda ya taso daga kujera ta huɗu ya ɗauki kofin ba. Tun daga Long Beach har Omaha, sau shida suka shiga fili alhali faɗuwa ɗaya za ta sallame su, sau shida kuma suka tsira.

Na daɗe ina juya wannan lissafi a raina. Waɗansu za su ce sa'a ce, kuma lalle wasa ba ya rasa sa'a. Amma a ganina akwai abin da faɗuwa 27 ta koya musu kafin a kai ga ranar tsanani. A besbol, mai kulkin da ake kira gwani shi ne wanda ke dacewa sau uku cikin goma, watau sau bakwai yana komawa benci hannu rabbana. Yaron da ya yi wata uku yana shan kaye ran Juma'a, ya sake sa riga ran Asabar, ya san cewa 15 da 1 ba ta bin mutum zuwa kashegari sai in shi ya ɗauko ta. Manyan ƙungiyoyin da suka saba da nasara, faɗuwa baƙuwa ce a wurinsu. Su kuwa yaran Fresno sun san ta ciki da bai, don haka ba ta firgita su ba. Wannan ilmi ba a samunsa a filin atisaye. Doguwar kaka ce kaɗai ke ba da shi.

Abin da ya sa labarin ya tsaya mini a rai ke nan, domin ya tuna mini da wani abokin karatuna a kwalejin kimiyya da fasaha inda na yi difloma. Mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, dogo, mai ido kamar na shaho, kuma har yau ban ga tsaransa ba a cikin sa'o'inmu. Amma makarantarmu ba ta da kakar wasa. Sai gasa ta matso da mako uku za a manna takarda a allon sanarwa, a tara yara, a raba riguna, a hau mota. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum ranar muke fafewa. A zuwansa na farko, cikin minti goma, ƙwallo mai sauƙi ta kuɓuce masa ta shige raga. Aka ci mu, kwana biyu bayan haka aka sake cin mu, muka komo gida. Ba wani wasa a mako mai zuwa da zai wanke kansa da shi, ko a wata mai zuwa. Shekara guda cur ya yi ana nuna shi da baki a ɗakin cin abinci, har ya rataye safar hannunsa bai sake waiwayarta ba. Yanzu yana sayar da kayan gini, yana kuwa samun rufin asiri, amma duk lokacin da muka haɗu hira ta kai ga ƙwallo, wannan ƙwallo guda ɗaya yake tunawa. Da ya sami irin kakar da yaran Fresno suka samu, da kuskuren ya nutse a cikin wasa talatin, ya zama abin dariya.

Ba wai ƙasar nan ba ta san wasannin makarantu ba ne. Tun 1966 aka fara gasar jami'o'in Nijeriya a Ibadan, kwalejojin kimiyya da fasaha da na horon malamai su ma suna da tasu, kuma a 2018 an fara wani yunƙuri na gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu. Sai dai abin da muka fi sabawa da shi biki ne, a taru a gari ɗaya na 'yan kwanaki, a yi maci, a raba lambobi, a watse. Biki yana da daɗi, amma ba ya renon ɗan wasa.

Ba kuma ina cewa tsarin Amurka ba shi da aibi ba. Yaron da zai tashi daga Kalifoniya zuwa Hawayi, ya komo ya nufi Luwiziyana a tsakiyar zangon karatu, tilas darussa su wuce shi. An kuma daɗe ana sukar yadda jami'o'i da gidajen talabijin ke tara dukiya da gumin ɗalibai, gama sai a 2021 aka yarda ɗalibi ya sami kuɗi da sunansa ko hotonsa. Har wa yau, yawancin yaran ba sa zama ƙwararru. Wilson ya yi shekaru masu yawa a babbar gasar ƙwararru, Scheppers ma ya kai can bayan ya warke, amma Detwiler da Mendonca, taurarin Omaha, ba su kai ba. Ita kanta jami'ar ta bar rukunin WAC a 2012, an kuma daina wasa a filin Rosenblatt bayan 2010. Duniya ba ta tsaya wa kowa. Duk da haka, abubuwa biyu cikin tsarin sun cancanci a dube su da idon basira: na farko, ɗalibi ya sami wasanni masu yawa a jere da maƙwabtansa, na biyu, wanda ya fi kowa a unguwarsa ya sami kujera a babban taro bisa haƙƙi, ba sai ya san wani ba.

Waɗannan biyun ba sa bukatar jirgin sama ko filin miliyoyin naira. A Zariya da Kaduna kaɗai akwai manyan makarantu da suka isa su haɗa rukuni, haka a Kano, haka a Ikko da Ibadan, haka a Inugu da kewayenta. Makarantu shida ko bakwai da ke tafiyar awa biyu da juna za su iya karawa kowace Asabar, gida da waje, daga farkon zango har ƙarshensa, a ƙwallon ƙafa ko ta kwando ko ta hannu. Abin da ake nema motar makaranta ce, da alkalin wasa, da jadawalin da ba za a soke shi ba don wani babba zai yi taro a filin. A ƙarshen shekara zakaran kowane rukuni ya tafi gasar ƙasa, ba mai cire sunansa ya sa na wani.

In aka yi haka, wata rana za a ga wata ƙaramar kwaleji da ba wanda ya damu da ita, wadda aka ka da sau bakwai ko takwas a rukuninta, ta zo ta ba manyan jami'o'i mamaki a gaban jama'a. Ko ma hakan bai faru ba, yaran da suka yi kakar za su fita makaranta da sanin yadda ake faɗuwa a tashi, ilmin da za su bukata a kasuwa da ofis da gidan aure fiye da yadda suka bukace shi a fili. Allah ya sa shugabannin makarantunmu su dubi wannan magana, amin.